Ƙarfen Karaya Mai Shafen Magani: Shin Guba Ce Ko Kariya?

 Takardar da muka ɗauko wannan mako ta fito ne daga wani manomi mai sauraronmu a yankin Funtuwa, kuma ga abin da yake cewa a taƙaice.

TAMBAYA: Ɗana ya faɗi da babur a hanyar kasuwa, ƙashin ƙwaurinsa ya karye har ya fasa fata ya leƙo waje. An wanke ciwon a asibiti, an kafa masa wani ƙarfe ta waje, an ce in ciwon ya yi kyau za a sake tiyata a zura masa wani ƙarfen a cikin ƙashi. Wani ɗan'uwanmu da ke karatu a ƙasar waje ya ce akwai ƙarfen da ake shafe shi da magani ko ruwan azurfa don kada ya kawo ruɓa. Mutanen gari kuwa sun ce wannan shafen guba ce, tana tsiyaya cikin jini har ta kashe ƙoda, wasu ma sun ce in ɗauke yaron in kai shi wurin mai ɗori tun da sauran dama. Ina da shanun huɗa biyu, a shirye nake in sayar da ɗaya. Mene ne gaskiyar wannan al'amari?

AMSA: To Malam, Allah ya ba yaro lafiya, ya sa kaffara ne. Ni dai malamin makaranta ne da rabo ya kawo gidan rediyo, saboda haka zan bi da kai yadda nake bi da 'yan aji, watau mu fara daga tushe. Sai ka gyara zama, domin maganar tana da ɗan tsawo.

Shi wannan ƙarfe da ake zurawa cikin ramin ɓargo ba baƙon abu ba ne. Wani likita Bajamushe mai suna Gerhard Küntscher ne ya fara aiki da shi a garin Kiel cikin 1939, kuma tun daga lokacin mutane masu ɗimbin yawa sun taka ƙafarsu ta dalilinsa. Ba irin ƙarfen garma ba ne ko na ƙofar shago. Ana yin sa ne da wani ƙarfe na musamman wanda ba ya tsatsa, ko kuma da wanda ake kira taitaniyom, mai ƙarfi ga kuma rashin nauyi. Shi kansa ba ya ruɓewa, ba ya kuma ruɓar da nama. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙarfe ba shi da jini. Naman jikin mutum, in ƙwayar cuta ta shige shi, jini na kai masa ɗauki, ya kawo dakarun da Allah ya halitta don yaƙar cuta, ya kuma kawo maganin da aka sha ko aka yi allurarsa. Ƙarfe kuwa ba jijiyar da ke ratsa shi, saboda haka duk ƙwayar da ta samu ta manne masa ta samu mafaka.

Tun a 1957 wasu masana biyu a Landan, Elek da Conen, suka nuna haka a jikin mutanen da suka yarda a gwada da su. Sun ga cewa sai an zuba ƙwayoyin cuta wajen miliyan guda a ƙarƙashin fata kafin ta yi mugunya, amma in akwai ɗan zaren ɗinki a wurin, ƙwayoyi ɗari kacal sun isa. To in ɗan zare ya yi haka, ina ga doguwar sandar ƙarfe?

Kowa ya san randar da aka daɗe ba a wanke ba. In ka sa hannu ciki za ka ji wani yauƙi ya lulluɓe bangonta, ko ka zubar da ruwan ka sake sabo yana nan, sai an sa soso an dirje. To haka ƙwayoyin cuta ke yi a jikin ƙarfe. Da zarar sun manne sai su fitar da yauƙi su lulluɓe kansu, su kwanta a ciki. A wannan hali maganin da zai kashe su in suna yawo cikin jini, ana iya ninka shi sau ɗari har zuwa sau dubu bai gama da su ba, kuma ba mahalukin da zai sha magani haka ya kwana lafiya. Shi ya sa za ka ga mutum da ƙarfe a ƙafa, wata 'yar kafa tana tsiyayar mugunya shekara da shekaru, ya sha kafso ta tsaya, ya bari ta dawo. Sau da yawa ba ta warkewa sai an koma tiyata an cire ƙarfen an kankare ƙashin. Wani likita Ba'amurke, Anthony Gristina, ya kwatanta abin a 1987 da rige-rige: da an sa ƙarfe, naman jiki da ƙwayar cuta kowa na sauri ya riga kama fuskarsa. Manomi ya fi kowa gane wannan. In gero ya riga ya rufe ƙasa, ciyawa ta sha kashi, in kuwa ciyawa ta riga shi, sai dai a yi ta wahalar noma.

Yawan masu gamuwa da wannan matsala ya danganta da irin karayar. In fata ba ta fashe ba, mutum 1 zuwa 2 ne cikin 100 da aka sa wa ƙarfe. In ƙashi ya fito waje ya sha ƙasa da ƙura, kamar na ɗanka, a mafi munin irinsa abin na iya kaiwa 30 cikin 100. Ka ga ashe ɗan'uwanku bai yi maganar banza ba. Dabarar shafe ƙarfe da magani an ƙirƙiro ta ne don a ba naman jiki rata a wancan rige-rigen.

Wadda ta fi daɗewa cikin dabarun ita ce ta siminti. Akwai wani siminti na asibiti da ake liƙa ƙarfen ƙugu ko na gwiwa da shi, to a 1970 wani likita a Hambag ta Jamus, Buchholz, ya bayyana cewa yana cuɗa maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikinsa. Daga baya aka riƙa mulmula simintin kamar 'ya'yan carbi a jera a waya a cusa cikin ƙashin da ya kamu, a bar shi yana sakin magani sannu a hankali. Likitocin ƙashi a ƙasashenmu ma suna yin wannan da hannunsu a ɗakin tiyata, har sukan lulluɓe sandar ƙarfe da shi in ƙashi ya riga ya kamu. Maganin da aka fi sawa kuwa kun san shi sarai, jantamaisin ne, wanda masu kemis ke ce wa janta.

A nan ne maganar mutanen garinku take da ƙamshin gaskiya. Janta in ya yi yawa a jini yana taɓa ƙoda, yana kuma taɓa kunne, ya kawo jiri da kurumtar da ba ta warkewa. Saboda irin wannan ɓarna ne hukumar NAFDAC ta hana sayar da babbar allurar janta mai miligiram 280 a Nijeriya cikin 2010. An kuma sha samun marasa lafiya, musamman tsofaffi da masu raunin ƙoda, waɗanda aka cusa wa siminti mai magani da yawa a gwiwa ko ƙugu, ƙodarsu ta tangaɗa. Wannan ya faru, ba a ɓoye shi ba, shi ya sa likitan da ya san aikinsa yake auna ƙoda kafin tiyata da bayanta.

Amma sandar ƙwauri da aka shafe tun daga masana'anta lissafinta daban. An fara amincewa da ita a Turai cikin 2005. Shafen siriri ne ƙwarai, ya fi fatar albasa sirantaka, kuma duk jantan da ke jikinta bai kai abin da ke cikin ƙaramar kwalbar allura guda mai miligiram 80 ba. Mafi yawansa yana fita ne cikin kwana biyun farko, a nan cikin ramin ƙashi inda ake bukatarsa, sauran shafen kuma jiki ya narkar da shi cikin watanni, a bar ƙarfe tsirara. Da likitocin Jamus suka auna jinin mutum 21 da aka sa wa ita, a rahotonsu na 2011, abin da ya shiga jini bai kai ma yadda na'urarsu za ta iya gani ba, kuma ba wanda ƙarfensa ya kamu a cikinsu. Watau wanda ya je kemis aka danna masa janta safe da yamma kwana biyar saboda zazzaɓi ya fi shiga haɗarin ƙoda nesa ba kusa ba. Ina faɗin haka ne da gangan, domin na san halinmu.

Sai azurfa. Tun kafin a gano magungunan zamani aka san tana kashe ƙwayoyin cuta, har yau ma farin man da ake shafa wa wanda ya ƙone a asibiti akwai azurfa a cikinsa. Ita ana yi wa ƙarfe ruwanta ne kamar yadda maƙera ke yi wa ɗan kunne ruwan zinari. Sai dai ba a faye yi wa ƙaramin ƙarfen karaya ba, an fi yi wa manyan ƙarafan da ake maye gurbin ƙashi da su, alal misali wanda sankara ta ci wa ƙashin cinya aka yanke wani sashe nasa. Su irin waɗannan marasa lafiya maganin sankara ya riga ya raunana jikinsu, in ƙarfen ya kamu, sau da yawa yanke ƙafa ke biyo baya. A garin Munsta na Jamus an ba da rahoto a 2010 cewa masu ƙarfe marar shafe wajen 18 cikin 100 suka kamu, masu na azurfa kuwa wajen 6. A Bamingam ta Ingila, cikin 2015, an kwatanta mutum 85 da wasu 85, aka samu wajen 22 cikin 100 a wancan ɓangare, 12 a na azurfa.

To ina illarta? Tana da ita. In azurfa ta taru a nama tana rina fata ta yi toka-toka mai shuɗi-shuɗi, kuma rinin ba ya goguwa. A garin Giraz na Ostiriya, cikin 2013, likitoci sun bi mutum 32 masu irin wannan ƙarfe, suka tarar 7 fatar da ke kan ƙarfen ta sauya launi, ko da yake ba su ga ta taɓa musu hanta ko ƙoda ko jijiya ba. Ni a ganina wanda aka ce ya zaɓa tsakanin tabo a cinya da rasa cinyar ba zai daɗe yana tunani ba. Amma akwai abin da ya fi tabo muhimmanci: azurfa ba ta san aboki ba. Yadda take kashe ƙwayar cuta, haka in ta yi yawa take hana ƙwayoyin da ke gina ƙashi da nama aikinsu. Saboda haka ne masu ƙera ƙarfen ba sa shafa ta a sashen da ake so ƙashi ya tsiro ya kama.

Wannan darasi kuwa da tsada aka koye shi. A ƙarshen shekarun 1990 wani kamfani a Amurka ya fito da wani murfin zuciya na ƙarfe mai suna Silzone, wanda aka yi wa gefensa ruwan azurfa don hana cuta. An sa wa dubban mutane. Daga baya aka lura a jikin wasu naman zuciya ya ƙi kama gefen, jini na yoyo ta wurin ɗinkin, har aka koma aka sake buɗe ƙirjinsu. A watan Janairu na 2000 aka janye shi daga kasuwa. A wannan shekara kuma likitoci a Italiya suka ba da rahoton gwajin kusoshin ƙarfen waje, irin wanda ke ƙafar ɗanka yanzu, masu ruwan azurfa: cuta ba ta ragu yadda za a yi tutiya ba, azurfa kuma ta ƙaru a jinin mutanen, sai suka dakatar da gwajin. Ka ga kenan jin an ce abu na azurfa ne bai isa a yi masa tafi ba, sai an ga yadda aka shafa ta, da yawanta, da inda aka sa ta.

Mutanen Japan su kuma aidin suka bi, wanda kuka sani a gishiri don rigakafin maƙoƙo, kuka kuma san shi a jan ruwan da ake wanke ciwo da shi. A Jami'ar Kanazawa, Farfesa Hiroyuki Tsuchiya da abokan aikinsa sun sa wa mutum 222 ƙarfen taitaniyom mai aidin, suka ba da rahoto a 2012. Fargabar da aka yi ita ce kada ya rikita ƙullin wuya da ke sarrafa aidin a jiki, amma da aka auna ba a ga haka ba. A Italiya kuma an yi wani abu mai kama da kunu mai kauri, likita na dama shi da magani a ɗakin tiyata ya shafe ƙarfen kafin ya sa, jiki ya shanye shi cikin kamar kwana uku. A gwajin da aka bayyana a 2017 kan masu karaya sama da 250, mutum 6 suka kamu a ɓangaren da ba a shafa ba, ɓangaren da aka shafa ba ko ɗaya.

Yanzu bari in faɗa maka inda nake ɗan ja da baya. Duba lambobin nan da kyau: 21, 32, 85, 222. Manomin da aka kawo wa sabon iri ba ya shuke gonarsa duka da shi don ya yi kyau a kunya biyu a damina ɗaya. Yawancin waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne, da yawansu kuma ba a raba marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a ba, wadda ita ce hanyar da masana suka fi yarda da ita. Ko a Amurka sai a 2024 hukumar kula da magungunansu ta fara amincewa da wani sabon shafe na masana'anta a ƙarfen ƙashi, kuma abin da aka yarda a ce game da shi shi ne yana rage ƙwayoyin da ke sauka kan ƙarfen kafin a sa shi a jiki, ba a yarda a ce an tabbatar yana hana mutane kamuwa ba. Shi ya sa ko a Turai ba kowane mai karaya ake sa wa ba, ana ware shi ne ga masu babban haɗari.

Har ila yau akwai wata damuwa wadda ta shafe mu duka, har da waɗanda ba su taɓa karaya ba. Ƙwayar cuta in ta daɗe tana lasar magani kaɗan-kaɗan bai kashe ta ba, sai ta saba da shi, kamar yadda kuka ga wasu ƙwarin wake sun daina jin feshin da a da yake kakkaɓe su. An sha ciro tsohon siminti mai janta daga jikin mutane a tarar da ƙwayoyin da ba sa jin janta zaune a kansa. Wani babban bincike da aka bayyana a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1 da dubu 270 suka mutu a duniya saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma in aka yi la'akari da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa ɓarna. Ma'anar wannan ga ɗanka ita ce, in ƙwayar da ke cikin ciwonsa ta riga ta saba da janta, sandar mai janta ba ta fi marar shafe da komai ba, an dai yi asarar kuɗi. Don haka in likita ya ce a ɗebi ruwan ciwon a kai ɗakin gwaji, kada ka ce wani salon cin kuɗi ne.

To mu dawo kan sanka. Shawarata kada ka sayar da shi don farautar ƙarfe mai shafe daga ƙasar waje. Irin wannan ƙarfe yana da tsada ainun, kuma kowace sanda tana da kayan ɗaurinta da likita zai yi aiki da su, sa'an nan sai ta dace da tsawon ƙashin yaro da faɗin raminsa. Ba abin da ake aikowa a jaka ba ne kamar agogo. In kuma wani ya zo maka da ƙarfe a leda ya ce mai magani ne, ba takarda, ba lambar rajista, kada ka ko taɓa shi. Abin da ya fi kare ƙafar mai irin wannan karaya an riga an yi wa ɗanka rabinsa, watau kai shi asibiti da wuri, da ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya tun a sa'o'in farko, da allurar rigakafin sarƙewar haƙora, da wanke ciwon a ɗakin tiyata a yanke mataccen nama. Saura a rufe ƙashin da lafiyayyen nama, a kuma sa ƙarfen ciki a lokacin da ya dace. In har za ka kashe kuɗi, kashe su a nan: maganin gaske daga wurin da aka sani, da kuɗin motar komawa asibiti duk ranar da aka ba ku, da ƙwai da wake da nono da ɗan nama, domin ƙashi ba ya haɗuwa da yunwa. In yaron yana shan taba ya bari, ita ce babbar mai jinkirta haɗuwar ƙashi. In akwai ciwon sukari a gidanku a auna shi.

Ranar da za ka ga likita, ka tambaye shi kai tsaye, ba rashin kunya ba ne: wane irin ƙarfe za a sa, akwai magani a jikinsa ko za a sa simintin magani, wane magani ne, an auna ƙodar yaro? Ka kuma gaya masa in yaron ya taɓa shan wani magani ko aka yi masa allura jikinsa ya yi borin jini, ko in agogon ƙarfe da maɓallin wando na sa masa ƙaiƙayi da ƙuraje, domin akwai masu ƙin wani sinadari da ke cikin wasu ƙarafa. In asibitin da kuke sun ga aikin ya fi ƙarfinsu, ka nemi takardar turawa zuwa babban asibiti, ga asibitin ƙashi na Dala a Kano tun 1959 aikinsa kenan, ga kuma asibitin koyarwa da ke Shika kusa da ku.

Batun mai ɗori kuwa, ba na raina sana'ar kowa, kakanninmu da su suka dogara. Amma ƙashin da ya fasa fata ya sha ƙasa ba na kara da tsumma ba ne. In aka ɗaure shi tamau aka cusa masa garin magani, jini ya tsaya, ƙafa ta yi baƙi, ƙarshenta a komo asibitin da aka guda, a lokacin kuwa ba sauran abin yi sai yankewa. Kada ka bari a kwance ƙarfen da ke ƙafarsa a gida ko da wa ya ba ka baki.

Bayan tiyata ku sa ido. In wurin ya yi ja ya kumbura ya ɗau zafi, ko ruwa ko mugunya na fita, ko zazzaɓi ya rufe shi, ko ciwon da ya fara lafawa ya dawo sabo, a koma asibiti ran nan, kada a tsaya sayen kafso a tire, domin in an kama abin da wuri ana iya wankewa a bar ƙarfen a wurinsa. In kuma an sa masa simintin magani ko ana yi masa allurar janta, ya ce kunnensa na ƙara ko jiri na ɗibarsa, ko ka ga fitsarinsa ya ragu, a gaya wa likita nan take.

Da fatan ka gamsu, Malam. Ka gaishe mana da yaron, in ya fara takawa kuma a rubuto mana mu ji.